Yoyon Man Madam

"Tambayarki nike, Gwaggo. Kin gaishe ta ko ba ki gaishe ta ba?"

"Yo Maharazu, mutum ya fito da safe ya iske abu tsaye a ƙofar ɗakinsa, ba ya ce mashi sannu ba? Ko jakin maƙwabta ne ai ana..."

"Dija! Kin ji ko? Da bakinta ta amsa!"

Maharazu ya durƙusa gaban motar, ya dangwali ƙasa, ya ɗaga yatsan sama yana nuna wa matarsa Dija, sai ka ce ya kama ɓarawo da kaza a hammata. Baƙin mai ne. Ɗigo uku, kowanne bai fi ƙwayar gujiya ba.

"Jiya da kunnena na ji ta ce, 'Sannu Madam, kin sha hanya.' Yau ga abin da na tarar. Wata bakwai ina tuƙa motar nan, ko gumi ba ta taɓa yi ba."

Gwaggo Shatu, ƙanwar ubansa, tana tsaye da buta a hannu. Ta dubi ɗigon, ta dubi yaron da ta goya har bayanta ya yi kanta, yau ga shi da gemu da tumbi yana yi mata shari'a a kan mota. Ta ce, "To in gaisuwar ce ta ɓata mata rai, a ba ta haƙuri. Gobe sai in wuce ta kamar mun yi faɗa."

"Ba wasa nike ba. Daga yau kada ki gaishe ta, kada ki ambace ta, kada ki dube ta. Akwai bakin da in ya yabi abu, to abin sai wani ikon Allah."

Dija ta sa baki daga gindin murhu. "Ai Gwaggo ba da gangan take ba, maigida. Haka Allah ke halittar wasu, su kansu ba su san suna da shi ba."

Iyakar kariyar da Gwaggo ta samu a gidan ke nan.

Madam sunan motar. Wani Bature ne ya ƙetaro hamada da ita bayan ya gama shan romonta, ya sayar wa Maharazu a Maraɗi. An ce matar Baturen har hawaye ta yi ranar rabuwa, shi ya sa 'yan tashar Gazawa suka raɗa mata wannan suna. A cikin injinta akwai wani ƙarfe mai kamar katantanwa, ana ce mashi turbo, wanda in aka taka ta sai ta riƙa fito kamar makiyayi ya hango shanunsa. Duk motocin da ke jigila tsakanin Gazawa da Agye da Maraɗi ba mai wannan fito sai ita. Maharazu kuwa in zai ce "turbo" har ido yake lumshewa.

Shekarar ita ce wadda damina ta leƙo ta koma. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye. Makiyaya na ba da saniya a kan 'yan tiyoyin hatsi, ba mai karɓa. An rufe iyaka, ko ƙusa ba ta ƙetarowa daga Katsina sai ta ɓarauniyar hanya. Mata na jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki, ɗacin ya fita a samu abin sa wa baki. A irin wannan shekara kowane gida neman wanda za a ɗora wa laifi yake, gidan Maharazu kuwa ba su sha wahalar nema ba.

Matsalar ita ce, rumfa ɗaya ce a gidan, a ƙofar ɗakin Gwaggo take, kuma nan Madam ke kwana. Tunda an hana kallo, Dija ta kafa zana a bakin ƙofar. In Gwaggo za ta fita alwala sai ta fito da baya, ta bi jikin katanga a karkace kamar ƙaguwa, fuska na kallon bango. Ranar farko ta taka ɗan tsako. Rana ta biyu ta faɗa cikin turmi. Tabarmarta da ke shan inuwa aka mayar bayan ɗaki, inda rana ke sauka tun hantsi ba ta tashi sai la'asar.

Aka kira Labo makanike, wanda shi kaɗai ne a Gazawa ya taɓa kwance turbo ya mayar ba tare da ragowar ƙusa a hannu ba. Ya leƙa ƙarƙashi, ya tashi yana kakkaɓe gwiwa.

"Ƙaramin abu ne, amma ƙura ta rufe ko'ina, ba na ganin tushensa. Ni kuma yanzu Gidan Rumji na nufa, surukina ya rasu, sai an yi sadakar bakwai, wataƙila in ɗan ƙara. Ka riƙa shimfiɗa farin ƙyalle ƙarƙashinta in ta kwana, mu ga ta ina ɗigon ke sauka. Kada ka taɓa komai sai na dawo."

Farin ƙyalle a gidan ɗaya ne, kuma kowa ya san inda yake. Yana ƙasan akwatin Gwaggo, a naɗe, da ɗan turare a tsakiya. Da ribar ƙuli-ƙulinta ta saye shi tun shekarun gyaɗa, wata ƙawarta da ta je Makka ta yayyafa mashi zamzam.

"Likkafanina ne fa, Maharazu."

"Na sani. Aro ne. Yau za ki mutu?"

"Ban sani ba, ba a aiko mini ba tukuna."

"To kin gani. Ita kuwa Madam gobe tana da lodi."

Dija ta ce, "Gara ma ya riƙa shan iska, Gwaggo. Kaya in sun daɗe a akwati asu ke cinye su."

Aka shimfiɗa. Da safe aka ga ɗigo huɗu a kai. Maharazu ya ce asara ce man da ke da tsada haka ya tafi a ƙyalle, sai a tara shi a mayar. Tasar da ta dace da wurin kuwa, mai faɗin baki, ba zurfi, ita ce tasar tuwon Gwaggo. Daga ranar a murfin tukunya ake zuba mata.

Da Maharazu ya bi maganar Labo ya bar abin haka, da labarin bai kai kunnen kowa ba. Amma ranar kasuwar Cadakori wani fasinja ya ba shi labarin wani mai magani a can, wanda ko bakin mutum bakwai ne ya kama abu shina kwancewa. Maharazu ya ƙona gazuwal, man da Madam ke tafiya da shi, ya je. Ya dawo da laya kamar babban yatsa, ɗinke cikin jar fata.

Da hantsi Gwaggo na zaune bayan zana tana tsince anza. Zana kuwa ai ba bango ba ce, tana da idanu. Ta ga ya ɗaga murfin gaba yana lalube, yana gaya wa Dija ƙasa-ƙasa.

"Cewa ya yi in sa ta daidai inda motar ke numfashi, don ta nan iskar baki ke shiga."

"To ina hancin nata yake?"

"Ga shi nan. Kin ga wanga tiyo da ya fito daga saman inji? Na cire bakinsa ɗazu tana aiki, na ji shina huci."

Ya tura layar cikin tiyon, ya bi ta da kara ya danna har ta zauna daram, ya mayar ya ɗaure.

Gwaggo ta yi gyaran murya. "Maharazu, ni dai ban san kan ƙarfe ba. Amma ko jariri ne aka toshe wa..."

"Kin ambace ta?"

"Ban ambace ta ba."

"To ci gaba da haka."

Ta ci gaba da haka.

Kafin kwana uku ɗigo huɗu ya koma arba'in. Tasa ta cika ta tumbatsa. Likkafani ya koma kamar fatar damisa, daga baya ya koma kamar gindin tukunya. Madam ta fara baro shuɗin hayaƙi a baya, har in ta wuce masu tallar goro sai sun rufe faranti. Fiton ma ya canza, ya koma kamar na tsohon da ba haƙora.

"Kin gani ko?" in ji Maharazu. "Maganin ya taɓo wurin. Bakin ne ke faɗa da layar."

Baƙin mai kuwa a shekarar, da iyaka a rufe, ya fi man shanu daraja. Maharazu ya hau rumbu ya fara ɗibar ɗan geron da ya rage ana kai wa kasuwa. Madam na sha, rumbu na sauka. Da aka zo rage tuwo, ba a rage na maigida ba, don shi ke riƙe sitiyari, in jiri ya ɗebe shi rayukan mutane ne. Ba a rage na Dija ba, don ita ke daka. Malmalar Gwaggo ta tashi daga dunƙulen hannu ta koma ƙwan kaza, ta tashi daga nan ta koma ƙwan kurciya.

Ran nan ta ɗaga murfin tukunyar ta duba ƙasansa. Dija ta ce, "Mi kike nema, Gwaggo?"

"Tuwon. Na ce ko ya zame ya faɗi."

"Haba Gwaggo. Ai tsufa ba ya son nauyi. Na ji ma an ce likita ya ce cin da yawa shi ke kashe tsofaffi."

"To ni kam na tsira. Zan ga tattaɓa-kunnen kowa."

Maharazu ya ce, bakinsa cike, "Ki gane, Gwaggo. Madam ke ciyar da gidan nan. In ta sha, duk mun sha."

Gwaggo ta kwanta tana jiran ta ji ƙoshin man da Madam ta sha, bai iso ba. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya fara zagaye ta sau biyu. Anzar da ake jiƙawa kwana biyar ta koma ci a kwana biyu, ɗaci na murɗe mata fuska har Dija ta ce harara ce. Sallah ta koma yi a zaune, don in ta yi ruku'u sai ƙasa ta taso ta tarye ta.

Can tasha kuma fasinjoji sun fara guna-guni. An gaji da turi, an gaji da tari. Mai mota dole ya faɗi dalili, kuma ba zai ce motarsa ta tsufa ba. Sai ya hau benci ya yi wa jama'a bayani: akwai wata tsohuwa a gidansa, jininsa ce, ba ya son tona mata asiri, amma sunanta Shatu, kuma bakinta in ya sauka kan ƙarfe sai ya tsiyaye. Kullum da safe sai ya maimaita, da ƙari. Kafin sati ya zagayo, an ce ita ta yabi gajimaren bana.

Gwaggo ta je rijiya, mata suka dare kamar an jefa dutse cikin kaji. Ba ta taɓa samun guga da wuri haka ba. Wata mai jego ta juya jaririnta ta ce, "Mummuna ne, Iya, ba abin kallo." Wani ɗan kasuwa har bayan gida ya biyo ta da goro biyu, wai don Allah in ta bi ta kasuwa ta ɗan yaba raƙumin abokin gabarsa. Ta karɓi goron, don yunwa ba ta san zuciya ba. Raƙumin dai har yau ba ta gan shi ba.

Amma ƙawayenta da ake hira da su a gindin itacen bedi sun daina aiko mata gaisuwa. Wannan ya fi ɗacin anza.

Rannan da la'asar Maharazu ya tsaya bayan zana, bai ko shigo ba.

"Gwaggo, na yi shawara. Da zarar Madam ta warke, ke ce lodin farko. Zan kai ki ƙauyen nan na bayan Gangara, gidan marigayi mijinki. Iskar ƙauye ta fi lafiya."

"Wa ya rage a can?"

"Ai ɗakin na nan. Rabin jinkar ma na nan."

Ta san ƙauyen, can bayan Gangara. Tun farkon rani mutanensa suka watse, masu ƙarfi suka yi kudu, marasa ƙarfi suka yi ƙasa. Rijiyar gaba talatin ce, ƙato ma sai ya huta sau biyu kafin guga ya fito. Kai tsohuwa can ba ƙaura ba ce, jana'iza ce da ba a son wahalar wanka.

Dija ta ce, "Wallahi har na yi maki sha'awa, Gwaggo. Ba hayaniya, ba hayaƙi."

A cikin satin aka yi rabon taimako a buro, ofishin hukuma. Tsofaffi da masu shayarwa aka ba madarar gari, leda guda-guda. Gwaggo ta bi layi da ƙafarta tun safe har rana ta karkata, ko da yake layin ya yi ta buɗe mata hanya, ita ce ta ƙi wuce kowa. Ta kawo ledar ta sa ƙarƙashin matashi. Kullum da safe cokali ɗaya a ruwa, ta sha a hankali tana lumshe ido yadda Maharazu ke yi in zai ce turbo. Kwana huɗu ta yi tana sallah a tsaye.

A na biyar Labo ya dawo. Ya ɗaga murfin gaba, ya ja da baya.

"La'ilaha illallahu! Maharazu, mota ce wannan ko kaskon suya? Ka taɓa wani abu?"

"Ni? Ko kusa."

"To sai an wanke ta tas. In inji ya jiƙe ko'ina ba a gane mafari. A kawo gazuwal da ruwa."

Ruwan gidan a randa biyu yake. Ta tsakar gida ta girki ce, ba a taɓawa. Aka juye ta ɗakin Gwaggo. Labo ya wanke, ya goge, ya bari rana ta busar.

"Yanzu a samo mini abu fari mai laushi in barbaɗa. In an tayar da ita, duk inda mai ya ɓullo zai ja baƙin layi, sai mu bi layin har gidansu. Toka ma ta isa, a tankaɗe ta."

"Toka?" Maharazu ya dafe ƙirji. "A kan turbo? Labo, motar Bature ce fa. Abin Turawa sai abin Turawa. Dija, shiga ɗakin Gwaggo, ƙarƙashin matashi."

Gwaggo ta ce, "Maharazu."

"Ba ci za a yi ba, Gwaggo, barbaɗawa za a yi."

"In an gama sai a kankare maki," in ji Dija, ta fito da ledar.

Labo ya dubi ledar, ya dubi tsohuwar, ya ce, "Ni dai na ce toka ta isa." Ya faɗa a hankali, yadda ba zai ɓata wa mai ba shi aiki rai ba. Sannan ya karɓa ya barbaɗe injin kaf, har Madam ta yi fari fat kamar mai tallar fura ta sha hoda.

Maƙwabta sun ji labari, kawuna sun jeru a kan katanga. Gwaggo na zaune kan 'yar kujerarta, ta ba motar baya kamar yadda doka ta ce. Da kunne ta ga komai.

Aka tayar. Inji ya ɗumama, gida ya gauraye da ƙamshin madara tana ƙonewa. Cikin Gwaggo ya amsa da ƙara har wata a kan katanga ta ce, "Kun ji! Ta fara!"

"Ga layi nan," in ji Labo. "Ga wani. Ga wani kuma. Kai! Murfin sama na zuba, gindi na zuba, turbo na zuba, ma'aunin mai ma ga shi shina tasowa da kansa." Ya ɗago kai. "A'a. Inji in ya yi yoyo wuri ɗaya, ciwo ne. In ya yi ko'ina lokaci guda, numfashi aka hana shi."

Ya sa hannu ya murɗa murfin da ake zuba mai. Bai gama murɗawa ba murfin ya yi tsalle, fau, ya wuce ta gefen hular Maharazu ya faɗa akurkin kaji.

Labo ya ce, "Kashe ta! Wa ya toshe mata hanci?"

Dija ta shiga gyaran itacen da ba ya buƙatar gyara.

Labo ya kwance tiyon, ya ɗaga shi sama ya leƙa, bai ga rana ba. Ya zura waya ya tura. Ya sake turawa da ƙarfi. Wani abu ya fito, ɓul, baƙi ƙirin, ya kumbura kamar mataccen kwaɗo, ya gangara har gaban Dija. Jar fatar na ɗan leƙowa ta gefe.

"Laya!" in ji katanga baki ɗaya.

Labo ya goge hannu. "Maharazu, kowane inji shina tara iska a ciki, ta wanga tiyo take fita. In ka toshe, iskar ba ta da hanya, sai ta turo mai ta duk inda ta samu. Kai ma a toshe maka hanci da baki a gani in ba ka yi yoyo ta wani wuri ba."

Katanga ta kwashe da dariya, har wani ya zame ya faɗa ta waje.

"To yoyon farko fa?" in ji Maharazu. "Ɗigo ukun nan? Kafin laya aka yi su."

Labo ya mayar da tiyo, ya goge, ya ƙara barbaɗa sauran madarar, aka sake tayarwa. Wannan karon layi ɗaya ne tak, siriri kamar zare, ya gangaro daga inda ƙaramin bututun mai ke shiga turbo. Ya kwance ƙusar wurin ya ciro wani ɗan zoben jan ƙarfe, bai kai na yatsan jariri ba.

"Ga mayyar taku. Ya tsufa ya taurare, ba ya kama wuri."

Ya riƙe shi da awartaki a wutar Dija har ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya mayar ya ɗaure. Ko shayi aka ɗora bai isa tafasa ba. Aka tayar, aka jira, aka jira. Ko ɗigo. Madam ta yi fito irin na da.

Gwaggo ta sauke numfashi. Ba ta juyo ba. Ta bar wa yaron fili ya zo ya durƙusa ba tare da ido ya yi mashi yawa ba. Har ta shirya abin da za ta ce: ba komai, tashi, ɗa ai ba ya laifi.

Maharazu ya daɗe yana kallon layar. Kawunan katanga suka fara sauka ɗaya-ɗaya, an ga ƙarshen wasa. Da ya ga saura su kaɗai, sai ya gyara hula.

"To ai maganata ta fito."

Labo ya ce, "Wace?"

"Wa ya sa na je Cadakori? Ba tsoron bakinta ba? Da ba ta gidan nan, mi zai kai ni ga laya? Ka ga ke nan ko ta ina aka bi, ita ce sila."

"Wallahi kuwa," in ji Dija. "Ni ban ma yi wannan tunanin ba."

"Kuma zoben nan, Baturen shekara nawa ya yi da shi bai taurare ba, sai da ya shigo gidan nan? Gwaggo, ki haɗa kayanki. Gobe kasuwar Gangara, da ke za a yi lodin farko."

Labo ya tattara kayan aikinsa ya ce shi dai aikin ƙarfe ya sani.

Gwaggo Shatu ta tashi. Sai da ta dafa bango, don ƙasa ta ɗan yi mata rawa. Ta shiga ɗaki, ta fito da mayafi da carbi, ta sunkuya ta ɗauki 'yar kujerarta ta saƙale a hammata.

"Ba yau ba, Gwaggo, gobe na ce."

"Ba Gangara za ni ba. Tasha za ni."

"Tasha? Yin mi?"

"Zama. Akwai inuwa a gindin bedin nan da kake lodi. Nan zan ajiye kujerata. Duk wanda ya ɗaga ƙafa zai shiga motarka, in dube shi da kyau in ce, 'Kai, wannan bawan Allah da ƙoshin lafiya yake! Dubi wuya!' Mai ɗan rago in yaba ragon. Mai jariri in yaba jaririn. In kun tashi in ɗaga maku hannu ina murmushi."

Dija ta saki muciya. Maharazu ya buɗe baki, ya ga tashar a idonsa: Madam fes, tana fito, ba kowa a ciki sai shi.

"Haba Gwaggo! Wa zai shiga? Ai ke ma kin san ba ki da wani baki. Yanzun nan Labo ya nuna, zobe ne!"

"A nan ya nuna, cikin katanga, gaban mutum goma. Waccan maganar a kan benci ka yi ta, sati uku, gaban Gazawa da Agye da Maraɗi. Ita suka sani." Ta gyara kujerar a hammata. "Yunwar bana ta kowa ce, Maharazu, Allah ya raba ta daidai, ban yi kuka da ita ba. Tawa daban ce. A gidan nan aka dafa ta, aka zuba mini a murfi. Ka rasa abin da za ka ce wa fasinja, ka ba su ni. To tunda ka ba ni sana'a, bari in je in kama aiki."

"Gwaggo, don girman Allah..."

"Ina nan gindin bedi kullum, daga lodin farko har na ƙarshe, sai ranar da ka hau bencin nan ka kwance abin da ka ƙulla, da irin muryar da ka ƙulla shi. Ka faɗi tiyo, ka faɗi kara, ka faɗi wanda ya danna."

"Mutuncina fa?"

"Shi ma zan yaba shi."

Ta nufi zaure, ba da baya ba, ba a karkace ba, ta tsakiyar gida. Maharazu ya biyo ta, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Gwaggo! Tsaya mu yi magana irin ta gida!"

"Ta gida ta ƙare. Ka same ni tasha. Ka taho da murya, Dija ta taho da tuwo, mai nauyi, irin wanda ke kashe tsofaffi."

Ta fita, ta jawo ƙyauren kwanon da duk ƙarfin da ya rage mata, garam, har tsatsa ta zubo wa Maharazu a hula.